Ɗorin Hannun Hassana

Ku yaran yanzu, in kun ga na jera kara a hannun yaro na naɗe da ƙyalle na yi tofi, sai ku ce ai wannan kowa ma ya iya. Wani jikana har cewa ya yi, "Kaka, ashe ɗori ɗaurin itacen wuta ne." To, ku gyara zama. Ɗaurin nan da kuke gani shi ne ƙarshen aiki, shi ne kuma mai sauƙin. Aikin gaske yana kan yatsu, tun ba a ɗauko kara ba.

Ni Habsu, a gidan ɗori aka haife ni, a ƙauyenmu da ke yamma da Gangara, cikin ƙasar Damargu. Babanmu Issufu maɗori ne, ubansa ma haka. Ba a saba koya wa ɗiya mace ba, amma Baba ya ce ƙashi in zai karye ba ya tambayar na wane ne, don haka ya zaunar da mu biyu, ni da yayana Mutari. Ranar farko ya ɗauki karan dawa ya ɓalla shi kaɗan, bai raba shi biyu ba, ya naɗe cikin tsumma mai kauri, ya ce kowa ya rufe ido ya nemo wurin. Mutari, ƙarfi kamar ɗan maraƙi, ya damƙa ya matsa, sai muka ji ƙas, ya ƙara wa karan wata karayar. Ni na bi a hankali da kan yatsu har na ji inda ya yi ɗan tudu. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Shi ke nan, Allah ya raba muku. Mutari ja, Habsu ji." Haka kuwa muka yi aiki shekara da shekaru. Cinyar ƙato in ta karye, sai Mutari ya taka ya ja kafin ƙashi ya koma mazauninsa. Hannun jariri kuwa ko taɓawa ba ya yi. Daga kara muka koma ƙafar kaza, daga kaza muka koma akuya, sai da na shekara bakwai ina koyo kafin Baba ya bar ni na ɗora ɗan Adam.

Kayan aikin ba su cika ƙwarya ba. Kara siriri, a fere shi a kankare kaifinsa, a saƙa da zare kamar ƙaramin asabari. Ƙyallen saƙi wanda ya sha wanki har ya yi laushi, ƴar auduga ta shimfiɗawa a ƙarƙashin kara, man shanu, da ruwan ɗumi. Kowane yaro da nasa awon, ba a ɗora wa wani da karan wani. Ku sani kuma ƙashin yaro ɗanyen reshe ne. Sau da yawa lanƙwasa yake yi ya tsage gefe guda, ya bar gefe guda. Wanda bai san haka ba, garin gyara sai ya ƙarasa shi.

Da yake ni mace ce, ina shiga kowane gida ba sai an yi mini iso ba, sai aikin yara ya dawo hannuna. Ba karaya kaɗai ake kiran mu ba. Yaro ya ƙi zama, a kira Habsu. Ya ƙi rarrafe yana jan gindi, a kira Habsu. Ta haka na taɓa ƙafafun kusan duk ƴaƴan garinmu tun suna goye. Tsofaffi sukan ce mace ta fi saurin tafiya don tana ɗokin zuwa rijiya, wasu su ce namiji don ƙashinsa ya fi ƙwari. Ni dai abin da yatsuna suka gaya mini, a shekarar farko babu wani namiji babu wata mace. Akwai mai ƙiba, akwai siriri, akwai wanda ake ajiyewa a ƙasa, akwai wanda baya ya zame masa gida. Sai an kai uku zuwa huɗu hanya take fara rabuwa. Ka ba ƴar yarinya faifan hatsi, sai ta tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya da yatsu biyu, ta ɗora ƴar ƙwarya a ka ta tafi ba ta zubar ba, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana cire ƙaya ba ta dafa kowa ba. Tsaranta namiji kuwa ya watsar da faifan, amma ka ba shi hoge ka nuna masa akuya a gona, ka ga jifa.

Aikin da nake so ku ji, na tagwayen Lawali ne, Hassan da Hassana. Lawali manomi ne, gidansa na bakin gari wajen tsohuwar rijiya, matarsa Rabi, sai uwarsa da kowa ke kira Iya. Kamar shekara biyu bayan samun mulkin kai, wata safiya ya shigo zaurenmu da Hassan a kafaɗa, Iya na biye tana sharar hawaye, Hassana kuwa da ƙafarta ta zo, riƙe da bakin zanen uwarta.

Lawali ya ce, "Habsu, duba mini yaron nan. Rana ɗaya aka haife su, ga macen wata huɗu ke nan tana yawo har maƙwabta, shi kuwa namijin ko tsayuwa. Mutane sun fara cewa shan inna ne."

Na shimfiɗa tabarma na kwantar da shi. Na bi ƙugu, na buɗe cinyoyin biyu na rufe, ba inda ya yi ƙara. Na haɗa dugadugansa, tsawonsu ɗaya. Na sosa tafin ƙafarsa da tsinke, ya harbe ni a ƙirji har na ce wash. Yaro ne sambal, sai dai nauyi kamar an jiƙa buhu. Na duba gwiwoyinsa, sumul, ba kanta ko ɗaya. Na duba na Hassana, duk sun yi kaushi.

Na ce, "Iya, wa ke goyon yaron nan?"

Ta ce, "Ni mana. Namijin farko a gidan, na bar shi a ƙasa kunama ta harbe shi?"

"Ita macen fa?"

"Ai ita ba ta zama wuri ɗaya."

Na ce, "Iya, ciwon jikanki a bayanki yake. Ki sauke shi."

Ran Iya ya ɓaci, ta ce tun ba a haife ni ba take raino. Baba, wanda ke jin mu daga ƙofar ɗaki, shi ya sasanta. Ya ce, "Yaya, yarinyar nan ta faɗi gaskiya, bakinta ne ba gishiri. A ba shi wata ɗaya a kan rairayi. In bai tashi ba, ni zan ɗauke shi da kaina zuwa wurin likita a Tanut." Aka kifa turmi a tsakar gida don ya riƙa dafawa. Ba wani magani da na bayar sai man shanu na shafa, shi ma don hankalin Iya ya kwanta. Wanda ya yi aikin Hassana ce. Duk abin da aka ba shi sai ta fizge ta matsa taku uku ta tsaya tana kallonsa. Ya yi kuka, ya yi rarrafe, ta ƙara matsawa. Ba a cika wata ba, kan wani guntun rogo ya saki turmi ya bi ta, taku biyar, ya faɗi a kanta. Iya ta aiko mini da ƙwai shida, amma ta shekara ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

Daga nan na riƙa kallonsu suna tasowa, don tagwaye mace da namiji makaranta ce ga mai irin aikina: nono ɗaya, tuwo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Wanda aka yi wa kukan gurgunta, kafin shekara biyar ba katangar da bai hau ba. Sau biyu aka kawo mini shi, sau ɗaya jaki ya kayar da shi, sau ɗaya ya goce kafaɗa wurin kokawa. Da kaka in an kai su gona korar tsuntsaye, majajjawarsa har manya na tsayawa kallo. Amma ka ce ya zura zare a allura, sai ya yi gumi. Hassana ita ke ɗaure masa mazagin wando har suka yi wayo. Ita kuma in ta yi jifa, dutsen a gabanta yake faɗuwa, yara na dariya. Sai dai tana bin kan gungumen bakin rijiya da tulu a ka kamar a fili take tafiya.

Kada ku ce na ce haka Allah ya yanke wa kowa. Na ga ƴan matan Fulani masu bin garke suna jifa da sanda su sami kan tunkiya daga nesa, na ga ɗan maɗinki ɗan shekara shida da yatsunsa suka fi nawa. Nawa ne halitta, nawa ne abin da muke danƙa musu a hannu tun suna ƙanana, wannan ban iya raba muku ba. Abin da na sani, maza sun fi zuwa mini da karayar hannu, mata da targaɗen idon sawu. Na saba da haka ƙwarai, har sabon ya so ya rufe mini ido.

Da aka buɗe lakwal, wato makarantar boko, a garinmu, rumfar zana ce da malami ɗaya da muke kira Mushe, yadda ake kiran malami da yaren Nasara, mai gari ya rubuta sunan Hassan. Hassana ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, sai aka ce tagwaye ba a raba su, aka haɗa da ita. Mushe ya taɓa tsayar da ni a hanya yana dariya, ya ce rubutun Hassana kamar an jera wuri, na Hassan kamar kaza ta bi ta kan allo, amma in aka fita fili gudu da tsalle, Hassan ne sarki.

Suna aji biyu damina ta yanke. Hatsi ya yi ciki ya bushe a tsaye. Kafin rani ya raba, rumbuna sun yi fayau, maza da yawa sun yi kudu neman abin kai wa baki, mata suna jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a ci. A shekarar nan na ga abin da ban taɓa gani ba: karayar da ke haɗewa cikin sati uku sai ta kai shida, don jiki ba shi da abin da zai yi gini da shi. Man shanu ma ya gagara, da man aduwa nake shafa.

Wata rana da hantsi wata maƙwabciyarsu ta leƙo ta ce, "Habsu, ana kiranki gidan Lawali, ɗaya cikin tagwaye ya ji ciwo a hannu." Ban ko tambaya ba. Na zauna na fere kara daidai awon hannun Hassan, don na san shi kamar nawa. Na isa gidan, sai ga Hassan zaune a gindin rumbu lafiyarsa lau, kansa a ƙasa. Hassana ce kwance a ɗaki.

Rabi ta ce, "Shekaranjiya ta zame a bakin rijiya. Targaɗe ne, Iya ta ɗaure mata."

Na buɗe zanen da aka rufa. An naɗe hannun dama da tsirkiyar fata, tam, tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Yatsun sun kumbura sun yi sulɓi, sun yi sanyi kamar randa, faratan sun koma toka-toka. Na matsa farce na saki, jini bai dawo ba. Wannan shi ne abin da maɗori ya fi tsoro. Karaya ba ta cika cin hannu ba, ɗauri ne ke ci. Na sa aska na yanke fatar nan take. Yarinyar ba ta yi ko uhm ba, rashin kukan kuwa bai yi mini daɗi ba.

Na bi hannun da yatsu. Ƙasusuwan nan biyu na tsakanin gwiwa da wuyan hannu duk sun tafi, ɗaya ya rabu, ɗaya ya lanƙwashe. Zamewa a bakin rijiya ba ta yin haka. Na ɗaga rigarta, ga ƙarce a haƙarƙari, ga guntun ƙaya a damtse. Na zare ta na duba, ƙayar aduwa ce.

Na ce, "Rabi, yaushe aduwa ta tsiro a cikin rijiyarku?"

Lawali, wanda bai tafi kudu ba saboda tsohuwarsa, yana tsaye a ƙofa. Sai Hassan ya taso ya fashe da kuka, ya ce, "Baba, ni ne. Ƴaƴan aduwar na ƙasa duk na kaɗe su da jifa, saura na can sama, sandata ba ta kaiwa. Na hau, reshen na rawa, na kasa sakin hannu. Ita ta iya tafiya a kai. Kullum ita ke hawa, ni ina tsincewa."

Lawali ya ce, "Mace a kan itace? Ɗiyata?" Ya juya yana neman abin duka.

Na ce, "Lawali, aduwar da kuka kwana ashirin kuna jiƙawa kuna sha a gidan nan, da kake tsammani wa ke kaɗo ta? Ajiye wannan, ka je ka kamo mini hannun babanmu."

Rabi ta sani tun ranar, tsoron faɗan mai gida ya sa ta ce rijiya. Iya kuma da ta ji rijiya, kuma mace ce, sai ta ce targaɗe. Da Hassan ne ya shigo riƙe da hannu, da tun a ranar an kira ni.

Baba ya tsufa a lokacin, idonsa ya yi hazo, amma yatsunsa na nan. Ya taɓa hannun ya daɗe, ya ce, "Kada ki ja yau. A ɗora shi kan matashi ya fi ƙirji tudu, a bar shi a sake. Gobe da safe ki matsa farce. In bai yi ja ba, ba namu ba ne, a nemi raƙumi a kai ta Tanut, ko da za su wuce da ita Damagaram." Ku riƙe wannan. Maɗorin da bai san inda iyakarsa take ba, mahauci ne.

Washegari rana na fitowa ina gidan. Na kama babban yatsa na matsa farcen, na saki. Ya yi fari, ya tsaya, sannan a hankali ja ya biyo. Na bi sauran huɗun, duk haka. Na soka tsinke a ɗan ƙaramin yatsa, ta ce, "Wayyo Inna!" Iya ta faɗi zaune tana hamdala. Sai da muka ƙara kwana biyu kumburi ya saɓe, sannan na kira Mutari. Na ce masa, "Yaya, ja kamar kana zare gashi daga cikin fura." Ya riƙe gwiwa, ya ja a hankali, ni ina bi da manyan yatsuna har na ji bakin ƙashi ya sami ɗan'uwansa. Lanƙwasasshen na miƙar da shi kaɗan-kaɗan. Karan da na fere don Hassan ya yi mata faɗi, na zauna na sake wani. Na ɗaure yadda ɗan yatsana zai iya shiga ƙarƙashi, kuma kullum sai na je na duba.

Sati bakwai ta yi cikin kara. Lawali ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe wadda ba ta da nono, ya samo mai nono daga wurin wani Bafulatani, don na ce masa ƙashi da abinci yake haɗewa, ba da tofi kaɗai ba. Mushe ya yarda Hassan ya riƙa kwafo mata darasi. Ta duba allon ta ce, "Wannan ba sai an nemo mai duba ba?"

Da na kwance, ƙashi ya haɗe sarai, amma yatsun sun ƙage. Ba ta iya haɗa babban yatsa da manuni, alli ma faɗuwa yake. Yarinyar da ke zura wa duk unguwa allura ta zauna tana kallon hannunta. Gashi da ruwan ɗumi da murza da mai suna taimako, amma ba su isa ba, sai mai hannu ya motsa abinsa. Yaro kuwa ba ya motsa abin da ke masa zafi don an ce ya motsa, sai in wasa ne. Na ce ta riƙa yin carafke, wasan nan na ƴan mata da ake cilla ɗan dutse sama a kwashi na ƙasa a cafe. Ta gwada da ƙawayenta sau ɗaya, suka cinye ta suna dariya, ta ce ba ta ƙarawa.

Na kira Hassan na ce, "Kai za ka yi da ita."

Ya ce, "Gwaggo, wasan mata ne. Yara za su yi mini waƙa."

Na ce, "Za su yi. Ita da ta hau maka aduwa, wasan wa ta yi?"

Ya tsinto duwatsu ya zauna. Sun yi masa waƙar kuwa, har suna kiransa Hassana ta biyu, ya kayar da biyu a bayan lakwal aka sarara. Abin da ya sa na zaɓe shi, hannunsa a wannan wasa bai fi nata mai ciwo ba da komai. Ya cilla dutse ya wuce kan danga, ya kwashi ƙasa maimakon tsakuwa. Duk da haka da farko shi ke ci, yana tsalle yana mata gwalo, ita kuma haushi na sa ta ce a sake. Kullum bayan la'asar suna gindin rumbu, har Lawali in ya dawo daga daji yakan tsaya ya yi musu alƙalanci.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka. Wata la'asar ina tsakar gida ina fere kara, sai na ji gudu, aka banko ƙyauren zaure. Hassan ne, yana haki, ƙafa duk laka. Na ce a raina wani ya sake faɗowa.

"Gwaggo Habsu! Gwaggo Habsu! Ta cinye ni!"

Na ce, "Da wane hannun?"

"Da na daman! Sau uku a jere, ko ɗaya ba ta bar mini ba!"

Na ce, "To, kai da aka cinye, murnar me kake yi?"

Ya juya da gudu, wai zai je ya gaya wa Mushe.